Zare: me ke sa babban mutum ya kwana yana saran itace a waya?

1/
Jiya Umma ta leƙo ɗakina ta tarar da ni riƙe da waya, ta ce me kake yi. Na ce saran itace. Ta yi shiru tana kallona, can ta ce: "Itacen gidan nan ko ɗaya ba ka taɓa faskarawa ba, amma na cikin waya kake sara har ƙarfe ɗayan dare?" 😭

Na rasa amsa. Shi ne na ce bari in zo in ba ku amsar a nan, tunda ku ba za ku jefe ni da silifa ba. Zaren zai yi tsawo, mai ƙaramar data ya ajiye sai dare.

2/
Gem ɗin da nake bugawa yana cikin waɗanda ake kira MMORPG. A taƙaice duniya ce guda a intanet, dubban mutane a cikinta lokaci ɗaya, kowa da jaruminsa da sunansa da sana'arsa.

Bambancinta da ƙwallon da muke bugawa a gidan gem shi ne ita ba a tashi. Ƙwallo minti goma ce, ka ci ko a ci ka, ka ba na gaba wuri. Nan kuwa ko ka kashe waya ka kwanta, kasuwa tana ci, farashi yana hawa yana sauka, wani yana can yana cigiyarka.

3/
Da yawa suna ɗauka kyan hoto ne ke riƙe mu. To ku ji yadda abin ya faro.

1978, Jami'ar Essex a Ingila. Wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ya fara rubuta wasa a kan babbar kwamfutar makarantar, DEC PDP-10, irin mai cika ɗaki. Ya sa masa suna MUD. A 1980 ya damƙa shi ga abokinsa Richard Bartle, shi ma ɗalibi. Sa'o'ina ne fa a lokacin, 'yan digirin farko.

Babu hoto ko ɗaya a ciki. Rubutu ne zalla.

4/
Allo zai rubuto maka kana tsaye a kan wata hanya, ga gida a gefe. Ka rubuta inda za ka nufa, ya gaya maka abin da ka tarar. Irin wannan wasan akwai shi kafin nan. Abin da suka ƙara shi ne: in ka shiga ɗaki, allon zai ce maka wane ma yana nan. Kuma wanen nan mutum ne mai rai, yana zaune gaban wani allon, zai iya gaishe ka, zai iya sace maka takobi.

5/
Da aka buɗe wa 'yan waje, tunda kwamfutar ta aikin makaranta ce da rana, sai aka ce su shigo daga ƙarfe 2 na dare zuwa 8 na safe, da kuma ƙarshen mako. Kuma suka riƙa zuwa.

Duk wanda ya taɓa jiran sha biyun dare saboda data mai araha, ga kakanninsa nan 😂 Mutum ya hana idonsa barci a kan baƙaƙen rubutu, ko dodo ɗaya bai gani da idonsa ba.

6/
Ga wurin da ya fi burge ni. Bartle ya sha faɗa a hirarraki cewa ba nishaɗi kawai ya sa suka yi shi ba. Su biyun ba 'ya'yan manya ba ne, a Ingilar da ake auna mutum da gidan da ya fito da yadda harshensa ke fita. Kana buɗe baki an san ajinka. Sai suka so su gina wurin da ba a tambayar ɗan wane ne kai.

Shi ya sa suka ɗauko tsarin matakai, wanda Dungeons & Dragons na 1974 ya yaɗa: kowa daga ƙasa zai fara, abin da ka yi da hannunka shi zai ɗaga ka. Lebul ɗin nan da kuke gani, a wurinsu haushin "wa ka sani" ne.

7/
A 1996 Bartle ya rubuta maƙala ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu son tara nasara, masu leƙe-leƙe su gano abin da aka ɓoye, masu zuwa don hira, da masu jin daɗin ɓata wa wasu rai. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar unguwa ya san mutanen nan huɗu da sunayensu.

Abin da ba a cika ambata ba, ya ce kowane rukuni da sauran yake rayuwa. Mugaye su yi yawa, 'yan hira su gudu. 'Yan hira su gudu, mugu ya rasa wanda zai cuta, shi ma ya kama gabansa.

8/
Hoto daga baya ya zo. Satumban 1997 aka saki Ultima Online na Richard Garriott a Amurka. Sun daɗe suna gina wa dajin gem ɗin tsari irin na gaske: ciyawa ta tsiro, zomo da barewa su ci, kyarkeci ya ci su, kowa yana daidaita yawan ɗan uwansa.

Aka buɗe ƙofa. 'Yan wasa suka shigo kamar fara, suka kashe duk abin da ke motsi don nama da fata. Tsarin ko lura da shi ba a yi ba. Dole aka cire shi.

9/
Kafin nan ma, a watan Agusta lokacin gwaji, Garriott ya shigo da jaruminsa, sarki Lord British, zai yi wa jama'a jawabi. Sarkin nan an tsara ba ya mutuwa. Ashe an sake kunna saba, an manta ba a mayar masa da kariyar ba. Wani ɗan wasa mai suna Rainz, sana'arsa a gem ɗin sata, ya zare wa wani layar wuta daga jaka ya jefa. Sarki ya taka wuta da izza, ya faɗi matacce a gaban talakawansa.

Ma'aikatan kamfani suka ruɗe suka saki aljanu kan taron, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

10/
Fiye da shekara 25 ke nan. Ayyukan da kamfanin ya zauna ya rubuta wa gem ɗin ba mai ba da labarinsu. Ranar da ɓarawo ya ƙone sarki kuwa har mu da ba a haife mu ba mun san ta.

11/
Mu tsallaka Koriya ta Kudu, don can ne abin ya fara zama na miliyoyi. Ƙarshen 1997 tattalin arzikinsu ya durƙushe har sai da suka nemi rancen IMF. Kamfanoni suka rufe, aka sallami ma'aikata. A daidai lokacin ana shimfiɗa intanet mai sauri, kafe-kafen da suke kira PC bang suka cika ko'ina, wasu ma waɗanda aka sallama ne suka buɗe su. 1998 NCSoft ya saki Lineage.

A Lineage ƙungiyoyi suna yaƙi a kan fadoji, wadda ta ci fada ita ke karɓar harajin yankin. Ku kwatanta mutumin da aka ce wa ba a buƙatarsa a ofis, ga shi da daddare mutum hamsin suna jiran ya ce a kai hari.

12/
Ban fahimci mutumin nan ba sai 2022, lokacin dogon yajin aikin nan. Wata takwas muna gida. Wata na farko hutu ne, na biyu ma haka. Daga na uku sai ka fara jin kunyar fitowa tsakar gida da hantsi. Ka tashi, ka ci, ka zauna bakin titi, a tambaye ka yaushe za ku koma, ka ce sai yadda Allah ya yi. Babu abin da za ka yi yau da zai matso da gobenka ko da taku ɗaya.

A lokacin ne wani abokina ya sa min Old School RuneScape a waya. Ba ya cin data sosai, ƙaramar waya ma tana ɗauka.

13/
A cikinsa kowace sana'a tana da mataki 1 zuwa 99: saran itace, su, haƙar ma'adinai, girki, ƙira. Kafin ka kai 99 sai ka tara maki 13,034,431. Kuma an tsara lissafin yadda in ka kai 92, rabin hanya kawai ka yi.

Ya kamata wannan ya kori mutum. Ni kuwa shi ya zaunar da ni. Don duk iccen da ka sara, lambar nan sai ta motsa. Kullum. Ba ta taɓa ce min in dawo gobe oga ba ya nan. Ba ta yajin aiki.

14/
Kada in yi muku ƙarya, akwai ƙugiya a ciki. Tun ƙarnin da ya wuce B. F. Skinner ya nuna da ɓeraye da tantabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi hana dabba daina dannawa. Haka ake tsara ganimar da bos ke yarwa: wataƙila a karo na goma, wataƙila na dubu. Ɗan uwan caca ne, masu ginawa kuma sun sani sarai.

Amma da ƙugiyar ce kaɗai, ai gem ɗin da mutum ke bugawa shi ɗaya ya wadatar. Me ya kawo sauran dubban mutanen?

15/
Amsar tana cikin EverQuest, Maris 1999. A lokacin, wannan gem ɗin mugu ne. In ka mutu ka rasa makin da ka sha wuya ka tara, kayanka su zauna a jikin gawarka, ka tako daga nesa ba ko sanda ka zo ɗauka a tsakiyar abin da ya kashe ka. Yawancin jarumai in an yi nisa ba sa iya komai su kaɗai. Bayan kowane faɗa kuma sai an zauna ana jiran ƙarfi ya dawo.

Me za ku yi a zaunen? Hira. Daga ina kake, me kake yi, ya mai jiki.

Wanda ya bar abin da yake yi ya raka ka ɗauko gawarka ƙarfe ukun dare, ba ka manta sunansa.

16/
A 2001 wani masanin tattalin arziki, Edward Castronova, ya yi wa duniyar EverQuest, wato Norrath, lissafi kamar ƙasa. Ya duba yadda ake sayar da kuɗin gem da jarumai da dala ta gaske, ya samu awa ɗaya ta wasa tana haifar da abin da ya kai dala 3.42, arzikin kowane mutum kuma ya faɗo tsakanin na Rasha da na Bulgeriya.

Jaridu wannan suka ɗauka. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Cikin waɗanda ya tambaya, kusan ɗaya cikin biyar sun ce Norrath ne garinsu, nan wajen fitowa kawai suke yi su koma.

17/
Nuwamban 2004 Blizzard ya saki World of Warcraft, ya rage muguntar, ya buɗe wa kowa ƙofa. Zuwa 2010 mutum miliyan 12 ke biyan kuɗin wata.

Kuma ba yara ba ne. Nick Yee ya yi shekaru yana tambayar dubban masu buga irin waɗannan gem ɗin, ya samu matsakaicin shekarunsu 26, suna kashe kamar awa 22 a mako. Rabinsu ma'aikata ne, fiye da kashi ɗaya cikin uku masu aure.

18/
Manyan bos na farkon WoW sai da mutum 40. Akwai mai tsayawa gaba ya sha duka, akwai masu magani a baya suna tallafe shi, akwai masu kai sara. Mai magani ɗaya ya yi gyangyaɗi, duk ku faɗi.

Kun san wahalar haɗa mutum biyar a aikin rukuni na aji? To mutum 40, garuruwa daban-daban, a kan lokaci, sau biyu ko uku a mako, babu albashi.

Rabon ganima ma da tsarinsa, DKP, wanda aka gada daga EverQuest. Duk zuwan da ka yi a rubuta maka maki, ranar da kaya mai kyau ya faɗo mai maki ya kwasa. Adashe ne wallahi, har da uwar adashe da rigimarta.

19/
Yanzu labarin da na fi so. 13 ga Satumba 2005, Blizzard ya buɗe wani sabon kango mai suna Zul'Gurub. Bos ɗin ciki, Hakkar, yana sa wa 'yan wasa wata cuta, Corrupted Blood, mai shan jini kuma tana tsallakawa kan na kusa da kai. An tsara ta zauna a cikin kangon kawai.

Sai dai wasu jaruman suna da dabbobin da ke taya su faɗa. Dabba ta kamu, mai ita ya sallame ta, ya koma birni ya sake kiran ta. Ta dawo da cutar a jikinta, a tsakiyar kasuwa.

20/
Manyan jarumai suna iya jurewa. Ƙanana kuwa cikin daƙiƙu suke faɗuwa. 'Yan kasuwar da kwamfuta ke sarrafawa su ma suka kamu, ba sa mutuwa amma suna yaɗawa. Ironforge da Orgrimmar, biranen da suka fi cika, ƙasa ta koma ƙasusuwa.

Ku lura, mutuwa a WoW ba wani abu ba ce, za ka tashi. Amma ku ga abin da mutane suka yi. Wasu suka gudu daji. Wasu suka tsaya a hanya suna gargaɗin masu shigowa. Masu magani suka ruga cikin birni suna warkar da waɗanda ba su sani ba, har su ma suka kamu suka kai ta gaba. Wasu da gangan suka riƙa ɗauko ta suna shiga taro. Wasu kuma kallo kawai suka zo, irin mu in an yi gobara 😂

21/
Blizzard ya ce masu cutar su killace kansu, ba a ji ba. Sai da aka sake kunna saba aka gyara manhajar. A 2007 Eric Lofgren da Nina Fefferman suka wallafa maƙala a mujallar The Lancet Infectious Diseases cewa masu nazarin annoba suna da abin koyo a nan, musamman 'yan kallon nan da lissafinsu bai saba sa su ba. Da korona ta zo a 2020 aka sake tono labarin.

Ni masu maganin nan nake tunani. Ba maki, ba ganima, ba wanda ya aike su. Sun ji ana buƙatarsu ne kawai suka taho.

22/
Wani zai ce to ke nan duk 'yan hira ne. A'a. A 2006 wasu masu bincike a cibiyar PARC ta Kalifoniya suka bi diddigin 'yan WoW, suka ga yawancin lokacinsu su kaɗai suke wasa, sai an yi nisa ake haɗuwa. Amma kuma a cikin jama'a suke son yin kaɗaicin.

Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Ka je teburin mai shayi, za ka ga wanda ya yi awa biyu bai ce uffan ba. Yana da shayi a gida. Abin da babu a gida shi ne hayaniyar, da wanda zai ga sabon takalminsa, da wanda zai ce jiya ba mu gan ka ba.

Haka nake a gindin bishiyoyin Draynor, kusa da banki. Mu goma muna sara, biyu suna musu, sauran muna karantawa.

23/
Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne EVE Online, na wani kamfani a Aislan, 2003. Jiragen sama jannati ne, kusan komai 'yan wasa ke ƙerawa su sayar, har sai da kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki aiki a 2007.

27 ga Janairu 2014 wata ƙungiya ba ta biya kuɗin riƙe wani yanki mai suna B-R5RB ba. Kuɗin haya fa. Abokan gaba suka ga ƙofa a buɗe. Aka yi awa 21 ana gwabzawa, jarumai sama da 7,500, aka rasa manyan jiragen Titan 75, kowanne aikin watanni. An ƙiyasta asarar da kusan dala 300,000.

Ba marubucin da ya tsara yaƙin nan. Mutum ne ya kira mutum ya ce tashi, ana buƙatarka.

24/
Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da ya faru da aka sauƙaƙa. A farkon WoW kowace saba kamar ƙaramin gari ce. In ka saci ganimar rukuni, gobe kowa ya san sunanka, ba mai sake ɗaukar ka. In kai mai magani ne na kirki, kana shiga ana kiran ka.

Disamban 2009 aka kawo maɓallin da ke haɗa ka da baƙi daga wasu sabobin. Ka danna, a jefa ku tare, ku gama cikin minti ashirin ba ko sallama, ba za ku sake haɗuwa ba. Ya fi sauri, ya fi sauƙi. Sai tsofaffin 'yan wasa suka fara cewa garin ya mutu.

25/
Suka dinga roƙon a dawo musu da tsohon. A taron BlizzCon na 2013 wani babban jami'in kamfanin ya ce musu suna zaton suna so ne, amma ba sa so. Agustan 2019 dai aka saki WoW Classic, jama'a suka cika shi har a cikin gem ɗin aka riƙa yin layi, jarumi bayan jarumi, ana jiran dodo ɗaya ya fito kowa ya samu nasa. Layi na ladabi, wanda ko a gidan mai ban taɓa gani ba.

Nawa gem ɗin ma haka aka haife shi. A 2013 Jagex ya tono kwafin RuneScape na Agustan 2007, aka kaɗa ƙuri'a, kusan mutum 450,000 suka ce a dawo da shi. Hotonsa kamar zanen ɗan firamare, kuma har yau shi ya fi sabon cika.

26/
Akwai labarin da ba zan rufe zaren nan ban kawo shi ba.

Mats Steen, ɗan ƙasar Nowe, an haife shi a 1989 da cutar Duchenne mai cinye tsoka a hankali. Tun yana yaro ya koma keken guragu, daga baya yatsunsa kaɗan ne ke motsi. Ya rasu a Nuwamban 2014 yana da shekara 25.

Baƙin cikin iyayensa, bayan rashin, shi ne suna ganin ɗansu ya rayu ya tafi ba aboki, ba soyayya, bai bar komai a ran kowa ba. Kullum yana ɗaki gaban kwamfuta, suna ta fama da shi ya rage.

27/
Ya bar musu kalmar sirrin shafinsa, suka rubuta sanarwar rasuwar a can, ba su ma san ko akwai mai karantawa ba. Sai saƙonni suka fara shigowa daga ƙasashe daban-daban, daga mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba.

Ashe a WoW shi ne Ibelin, ƙaƙƙarfan mutum mai aikin bincike, ɗan wata ƙungiya mai suna Starlight. Kullum ya shiga sai ya ɗan zaga gari da gudu. Da gudu fa. Shi ne wanda ake kai wa damuwa. Wata yarinya da iyayenta suka ƙwace mata kwamfuta, shi ya rubuta musu wasiƙa. Wata uwa da ta kasa samun kan ɗanta, shi ya ba ta shawara ta bi shi cikin gem ɗin.

Shekaru suna tare bai gaya musu halin da yake ciki ba, sai dab da ƙarshe.

28/
Ranar jana'izarsa a Oslo wasu daga cikinsu suka taso daga ƙasashensu suka zo, shugaban ƙungiyar ya yi jawabi. Benjamin Ree ya yi fim ɗin labarin, The Remarkable Life of Ibelin, yana Netflix tun 2024. Kada ku kalla a cikin mutane.

Ku tuna abin da Bartle da Trubshaw suka ce suna son ginawa a 1978. Ga shi nan, shekara talatin da wani abu bayan haka, a wani ɗaki a Oslo.

29/
Ban zo talla ba. Wurin da ake buƙatarka shi ne kuma wurin da ke da wuyar bari. In mutum 39 suna jiran ka, kunya ma ba za ta bar ka ka ce kana da jarrabawa ba. Koriya sai da ta yi doka a 2011 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga sha biyun dare zuwa shida na safe, ta soke ta a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019.

Wasu kuma ba wasa suke yi ba sam. Da kuɗin Benezuwela ya lalace, mutane da dama a can suka koma kashe dodanni a RuneScape suna sayar da zinaren gem don su ci abinci, wasu 'yan wasan kuma suna farautar su don nishaɗi. Rukuni na huɗun nan na Bartle bai je ko'ina ba.

30/
Ni kaina da aka koma makaranta na faɗi kwas ɗaya, kuma na san inda awannin suka tafi. Ba laifin kowa ba ne. Yanzu sati uku kafin jarrabawa nake goge shi daga waya.

Bara da na goge, wayar kuma ta faɗa ruwa, na yi kusan wata biyu ban shiga ba. Ranar da na dawo na tarar da saƙonni a zauren ƙungiyarmu. Wani ɗan Filifin da ban san sunansa na gaskiya ba ya rubuto har sau uku. Ya ga labarin ambaliya a Najeriya, bai san ko kusa da mu ne ba, yana tambaya ko lafiya. Nisan wurin da garinmu ya fi kilomita ɗari biyar. Shi dai sunan ƙasar kawai ya sani.

31/
Duk wannan na so in gaya wa Umma jiya, amma ina zan fara, daga Essex? 😂 Yau da safe dai na faskara mata itacen gidan, hannuna har ya yi ƙanta, ko maki ɗaya ban samu ba.

Na wayar kuma ina mataki na 92. Saura rabi.